Nas Ba 'Yar Aiken Likita Ba Ce

Mutane da yawa sun ɗauka aikin nas bai wuce yin allura da miƙa maganin da likita ya rubuta ba. Shi ya sa in asibiti ya tashi tsuke bakin aljihu, sai a fara da rage ma'aikatan jinya, kamar ba komai.

Likita yakan zagaya ɗakin majinyata ya wuce. Nas ce ke wuni ta kwana da su. Ita ke lura numfashin wanda aka yi wa tiyata jiya ya fara sauri, ko fitsarinsa ya ragu, ko maganarsa ta soma shirme, alamomin da kan bayyana sa'o'i kafin jiki ya rikice gaba ɗaya. Ita ke juya tsohon da ba ya iya motsi don kada gyambon kwanciya ya fito masa. In adadin maganin da aka rubuta bai yi daidai ba, haƙƙinta ne ta dakata ta tambaya.

Duk wannan aiki lokaci yake ci. Wani bincike da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a 2014, kan asibitoci 300 a ƙasashen Turai 9, ya gano cewa ƙarin majinyaci ɗaya a wuyan kowace nas yana ƙara haɗarin mutuwar majinyatan tiyata da kashi 7 cikin 100. Abin ya isa tayar da hankali. Nas ɗaya a kan gadaje ashirin, komai ƙwarewarta, wani abu zai kuɓuce mata, sai in an ƙara mata abokan aiki, an ba ta kayan aiki da isasshen hutu bayan aikin dare.