Hadda daban, lissafi daban

Duk kun ga abin da ya faru a gasar ches (darar Turawa) ta ɗalibai ranar Asabar, ba sai na maimaita ba. Yaro ya zuba motsi 12 na farko a haddace, malaminsa sai washe baki yake yi. A na 13 dokin abokin karawa ya diro tsakani, ya ritsa sarki da sarauniya lokaci guda. Malam ya ce wai tsautsayi ne. Madalla da tsautsayin da ba ya fashin mako!

Yaron nan bai iya lissafi ba, kuma laifin ba nasa ba ne. Lissafi a ches shi ne ka naɗe hannu ka ce: in na matsa nan zai ci wancan, in ya ci da me zan rama, in na rama me ya rage masa? Ka bi maganar har ƙarshenta a cikin kai kafin ka taɓa komai. Hadda ba ta koyar da wannan. Jera masa 'ya'yan wasa kaɗan, ka ce ya nemo yadda zai kashe sarki cikin motsi 2, ka hana shi taɓawa sai ya faɗi amsa da baki. Irin wannan atisaye guda 5 kullum. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Tun 1946 Adriaan de Groot, masanin halayyar ɗan Adam daga Holan, ya nuna cewa manyan gwanaye ba hangen motsi masu yawa suka fi sauran ƙwararru ba. Sun dai saba da siffofin wasa, wato yadda 'ya'yan wasa ke jeruwa a kan allo, ido na faɗawa sun san inda za su zuba lissafinsu. To a ina yaro zai saba da siffar in ba a nuna masa ita sau ɗari ba?

Na san wani zai jefo mini binciken Ingila na 2016, wanda bai ga ches ta ƙara wa yara maki a jarabawar lissafi ba. Na ji. Ni ban yi wa kowa alkawarin maki ba. Yaron da ya koyi tsayawa ya duba amsarsa kafin ya miƙa hannu nake nema, wallahi ko wannan kaɗai ya samu ya ishe ni.

Af, iyaye masu ba yara waya su yi atisaye: maɓallin nan na manhajar ches mai nuna amsa fa? Ɗana ya warware 40 a zama ɗaya ina ta sa masa albarka, ashe shi yake dannawa.