Fuka, ɓeraye da maganin antibiyotik da muke ɗura wa jarirai

Da zarar hunturu ya kama, ƙura ta lulluɓe Maradi, sai tarin yara ya yawaita, iyaye kuma su nufi masu tallan magani a sayi antibiyotik ba tare da likita ya duba yaron ba. Binciken da ake yi kan ɓeraye game da cutar fuka ya isa ya sa mu yi wa wannan ɗabi'a kallon tsanaki.

Masu bincike kan sa wa ɓera fuka ta hanyar saba masa da sinadarin farin ƙwai ko ƙananan ƙwarin ƙurar ɗaki, har hanyoyin numfashinsa su kumbura, majina ta taru. A 2012, masana a Jami'ar British Columbia da ke Kanada sun ba jariran ɓeraye maganin antibiyotik mai suna vancomycin, sai fukar da ta kama su daga baya ta fi tsanani, alhali manyan ɓerayen da aka ba maganin ba su nuna hakan ba. Dalilin da suka gano shi ne maganin ya rage ire-iren bakteriya masu amfani da ke cikin hanji, waɗanda garkuwar jiki ke koyon haƙuri a wurinsu tun ana jariri.

Sai dai maganar ba fuska ɗaya gare ta ba. Wani antibiyotik mai suna azithromycin ya rage kumburin huhu a wasu gwaje-gwajen ɓeraye, kuma a 2017 wani gwaji a Ostareliya kan manya 420 ya nuna yana rage tashin fuka. Amma waɗancan mutane ne da magungunan shaƙa suka kasa wadatarwa, suka sha shi makonni 48 ƙarƙashin kulawar likitoci. A nan Nijar ma, binciken MORDOR na 2018 ya nuna raba wannan magani ga yara ya rage mace-macensu da kimanin kashi 18 cikin ɗari, don haka babu mai hankalin da zai ce a hana yaro antibiyotik idan ciwon huhu ya kama shi.

Ɓera ba mutum ba ne, kuma fukar da aka ƙirƙira cikin 'yan makonni ba daidai take da ta yaron da ya tashi cikin hayaƙin itace ba. Duk da haka, a ganina hujjar ta fi karkata ga taka-tsantsan a watannin farko na rayuwa, musamman da yake yawancin tarin hunturu mura ce, wadda antibiyotik ba ya yi mata komai. Yaron da ƙirjinsa ke yin fito maganin shaƙa ya fi buƙata, kuma shi ya kamata hukumomin lafiya su wadata a ɗakunan shan magani na unguwanni da ƙauyuka.