Injin Roka Na Gwanjo Da Mayafin Uwargida

Ina yaro a Kano, idan 'yan bindiga suka saki harbi ranar hawan Daushe, ni ne farkon mai toshe kunne ya shige bayan rigar baffansa. Ban taɓa zaton wata rana za a same ni a jihar Kolorado ta Amurka, da furfura a gemu, durƙushe a fili ina cusa wa albarushi waya ba. Amma abin da auta ya sa a gaba, uba ba ya tsallake shi.

Malamin kimiyyarsu ne ya haɗa mu da wannan aiki. Aka ba yara ƙananan rokoki su harhaɗa: gangar jiki ta kwali, hanci na roba, fikafikai uku na wani katako mara nauyi. Abin da ke tashin ta shi ake kira inji, amma kada ka kawo injin mota a ranka. Ɗan bututun takarda ne mai kauri, tsawon milimita 70, faɗin milimita 18, an danƙare shi da albarushi, irin dai na 'yan bindigar da nake gudu, an toshe gindinsa da yumɓu mai ɗan rami. Sau ɗaya ake kunna shi, shi ke nan ya zama shara. Wannan "sau ɗaya" shi ya tsaya mini a rai. Ni jikan 'yan kasuwa ne, ban saba ganin an ƙona kuɗi ana tafi ba.

Ana nan wata Asabar, sai na bi ta wata unguwa inda wata dattijuwa ta baje kayan marigayi mijinta a ƙofar gareji, kamar yadda suke yi a nan. Cikin tarkacen na ga kwalin takalmi cike da injinan roka, sun yi ja-ja-ja don tsufa, wasu da tambarin Estes, wasu da na Centuri, kwanan watan jikinsu na shekarun 1970. Ta ce dala takwas. Na taya biyar ina jiran a ce albarka, sai kawai ta ce in ɗauka. Na jefa kwalin a but ɗin mota ina jin kaina kamar wanda ya tsinci dami a kala, kuma a nan ya yi mako uku, rana ta gasa shi, sanyin dare ya daskarar da shi.

Da dare na ɗan yi karatu a intanet, har na zo ina burge iyali a kan tuwo. Wani mai sayar da takalma a Nebraska, Orville Carlisle, shi ya fara ƙera irin wannan inji a 1954. Vern Estes ya kafa kamfaninsa a Denver a 1958, ya ƙera wata na'ura da ya sa wa suna Mabel, mai haifar da inji ɗaya duk daƙiƙa biyar da rabi, daga baya ya koma garin Penrose, kudu da mu. Hikimar ita ce a hana yara kwaɓa maganin roka da hannunsu suna rasa yatsu. Na kuma gane rubutun jiki, misali C6-5: harafin shi ne ajin ƙarfi, B ya ninka A, C ya ninka B, lambar farko kuma matsakaicin turin da yake yi. Ina daf da karanta ma'anar lamba ta ƙarshe aka ce abinci zai huce. Ban koma ba.

Ranar farko muka je filin wata ƙungiyar masu wannan wasa. A bakin fili akwai tebur, a bayansa wani tsoho mai hular kaboyi, ba a harba komai sai ya duba. Ya leƙa kwalina, ya ɗauki na sama ya juya, ya tambaye ni inda aka ajiye su shekarun nan. Na ce Allah masani. Ya ce to tun da suka zo hannuna fa? Na ce a mota. Ya cire gilashinsa ya goge a hankali, irin na likitan da zai faɗi abin da ba a so. Ya ce tsufa kaɗai ba ya kashe irin wannan inji, zafi da sanyi ne ke sa albarushin ya tsage ko ya saki jikin takardar, wuta ta sami hanya ta cinye shi lokaci guda, sai ya fashe a kan sanda. Ban da haka ma, ƙungiyar ƙasa, wato NAR, tana da jerin injinan da ta amince da su, waɗanda aka daina yi da daɗewa kuwa an cire su, don haka a filinsu ba za a kunna ba.

Na yi godiya a baki, a zuci na ce baƙin ciki ne. Mutum ya ga na sami araha.

Mako na zagayowa na nemo wani fili a bayan gari, na kwashi auta da uwargida, ita da kujerarta da fulas ɗin zoɓo. Kafin nan an sami 'yar matsala: laimar sauka ta leda da ta zo da rokar, auta ya yage ta wajen gwaji daga saman bene. Na buɗe durowa na ga wani mayafi shuɗi shara-shara da ban taɓa ganin an yafa ba, na yanka da'ira daga gefensa, na ɗaura zare shida. Sannan akwai wata takarda ta musamman da ba ta kama wuta, wadda ake cusawa tsakanin inji da laima. Ita ma sayar da ita ake yi. Na dube ta a hoto, na dubi tishu ɗin banɗakinmu, ban ga bambanci ba.

Wajen zaɓen inji na yi amfani da basira. Akwai masu koren rubutu, akwai ɗaya mai jan rubutu: B14-0. Sha huɗu ta fi shida, wannan ko ɗan firamare ya sani. Sifilin kuwa na fassara shi da cewa babu aibi ko ɗaya.

Na zura rokar a sandar ƙarfe, na maƙala wayoyi, muka ja baya ƙafa 15 kamar yadda doka ta ce, ni na ƙara wasu goma na ƙashin kaina saboda maganar tsohon. Auta ya ƙirga daga biyar ya danna. Shiru. Ya zabura zai je ya duba na cafko wuyan rigarsa, don ƙa'ida sai an jira daƙiƙa 60. Ashe waya ɗaya ce ta zame. Na gyara, hannuna na rawa, ina karanto duk abin da ya zo bakina.

"Maigida, in tsoro kake ji a bari mana," in ji uwargida daga kujerarta.

"Wane tsoro? Sanyi ne."

Karo na biyu, wallahi ban ga tashinta ba. Fiit! kawai na ji, sanda na girgiza. Injin da ya girmi aurena nesa ba kusa ba ya yi aikinsa tsaf, bai fashe ba, bai yi tari ba. Sai dai rokar ba ta wuce tsayin bishiyar giginya ba sai hanci ya yi tsalle, laima ta fito a daidai lokacin da gudun ya fi tsanani. Zare huɗu suka tsinke nan take. Tishu ya fito yana ci da wuta, ya rabu gida uku, yana saukowa a hankali kan ciyawar Kolorado wadda ta bushe kamar karan dawa a watan Maris.

Ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Na take na farko da takalmi, na biyu na kashe shi da hulata, zanna bukar da na zo da ita daga gida. Na uku ya fara kama ciyawa, sai ga uwargida ta iso da fulas ta juye masa zoɓon gaba ɗaya, har da ƙanƙara. Auta na tsalle yana cewa, "Baba, a sake! A sake!"

Na koma wurin mai hular kaboyi da ƙonannen bututun a hannu, na shirya ƙorafi. Ya karanta jikinsa ya zauna. Lamba ta ƙarshe, in ji shi, daƙiƙun jinkiri ce tsakanin ƙarewar turi da fitar laima, don roka ta kai ƙololuwa ta rage gudu. Sifili na nufin babu jinkiri sam. Irinsa na hawan ƙasa ne a roka mai hawa biyu, aikinsa ya kunna na samansa ya faɗo, shi ya sa aka yi masa jan rubutu. B14 kuwa yana da rami mai zurfi a cikin albarushin, shi ke sa ya yi wannan zabura, kuma an daina yin sa da daɗewa, masu tara tsofaffin injina nemansa suke ido rufe, a ajiye a kabad ana kallo. Ya tambaye ni ko akwai wani a kwalin. Na ce shi ke nan guda ɗaya. Ya dube ni kamar na yanka saniyar tatsa don in yi kilishi. Ragowar ya ce waɗanda suka kumbura in jiƙa su a ruwa su narke kafin in zubar, masu kyau kuma in sa su a ɗaki, ba a mota ba.

A hanyar gida ranar harbin ne dai aka yi babbar shari'ar. Uwargida na zaune a gaba tana juya guntun laimar a hannu, gefensa duk ya babbake. Ta daɗe tana kallonsa, ta ɗaga shi saitin haske.

"Maigida, wannan shuɗin a ina ka samo shi?"

Na ce wani tsumma ne a durowar ƙasa.

"Durowar ƙasa ta hagu?"

Na ƙara sautin rediyo. Ta miƙa hannu ta kashe.

"Wanda Hajiya ta kawo mini tsaraba daga Makka, nake ajiyarsa sai bikin ƙanwata?"

Auta ya leƙo daga baya ya ce, "Mama, ai akwai saura da yawa, Baba ya ce zai isa roka huɗu."