Buhu 80 Na Biya, 68 Aka Ce In Ɗauka, Har Da Gorin Gidan Ubana

Wallahi tun shekaranjiya zuciyata take tafasa, abinci ma turawa kawai nake yi. Ni direba ne a Jidda, motar rarraba kaya nake ja, kuma duk wahalar da nake sha a can ba don in yi suna ba ce. Ciki da falo nake so in yi wa mahaifiyata a ƙauyenmu da ke yankin Ringim, da ɗaki ɗaya nawa, da banɗaki, da 'yar katanga. Shi ke nan. Ɗakin ƙasar da Inna take ciki ruwan 2022 ne ya kwantar da shi, shekarar da kogin Haɗeja ya cika ya batse ya ci gidaje da gonaki tun daga wajenmu har Auyo da Kafin Hausa da Guri. Tun daga lokacin take raɓe a ɗakin matar ƙanena, tsohuwa da jikoki a tabarma ɗaya.

Da ginin ya kai linta, na tattara abin da na tara na turo wa ƙanena naira 680,000, na ce ya biya siminti buhu 80 a kan 8,500 kowanne, wanda zai ishe mu zuba linta da ɗora sauran layuka da shafe da daɓe. Ba mu da wurin ajiya, kuma kowa ya san siminti in ya sha raɓa ya zama dutse. Mai shagon da kansa ya ce a bar kayan a wurinsa, duk ranar da muka shirya mu zo mu ɗiba. Ya rubuta rasit, ya sa hannu, ya buga hatimi. Ƙanena ya ɗauki hoton takardar ya turo mini ta WhatsApp, na yi hamdala na kwanta.

Na samu hutu na zo gida. Shekaranjiya ranar kasuwa na ɗauko hayar kanta da lebura biyu, ni da ƙanena muka nufi shagon.

Na same shi a kan farar kujerar roba, ya miƙe ƙafafu a kan benci, waya a kunne, yana ɓare gyaɗa yana hure ɓawon. Na yi sallama. Ya ɗaga mini gira. Na sake sallama, ya ɗaga yatsa ɗaya, wato in jira. Na tsaya a rana, ƙurar siminti tana shiga mini hanci, direban kanta yana ta duban agogo, shi kuwa hirar filin da zai saya a Dutse yake yi da wani, ana ta ƙyaƙyata dariya. Benci na nan, ƙafarsa ce a kai. Bai ce in zauna ba.

Da ya ga dama ya ajiye wayar, na ce, "Alhaji, barka da kasuwa. Ni ne yayan wannan yaron, mai siminti 80. Ga rasit."

Ya karɓa da yatsa biyu, ya duba gaba, ya juya baya, ya jawo kalkuleta ya danna. Ko kallona bai yi ba ya ce, "68 ne."

Na ce, "Alhaji, ban gane ba."

"Mene ne abin rashin ganewa? Yau buhu dubu goma ne. Raba kuɗinka ka gani."

Na ce, "Ai ciniki ya faɗa tun ranar da aka biya. Ga hannunka, ga hatiminka, ga 80 ka rubuta da alƙalaminka."

Ya watsa gyaɗa a baki, ya tauna, ya haɗiye, sannan ya ce, "Kuɗi ka ajiye a wurina, ba siminti ba. Siminti yana zama yana jiran mutum ne?"

Na ce, "To madalla. Kuɗin nawa da ka yi ta juyawa wata da watanni, ka saro ka sayar, ka saro ka sayar, ribar ta wace ce? Kuma da farashin sauka ya yi zuwa dubu bakwai, buhu 97 za ka loda mini yau?"

Nan ne ya ɗago ya dube ni tun daga hula har takalmi. Ya juya wajen yaransa da ke zaune a kan buhuna ya ce, "Ku ji Na-Makka fa! Ku da kuke sharar Riyal da tsintsiya, a kan buhu 12 za ka zo ƙofar shagona kana ɗaga mini jijiyar wuya?" Yaran suka kwashe da dariya. Na ce in haka ne ya ba ni kuɗina. Ya ce kuɗi suna cikin kaya, sai bayan Sallah in Allah ya kai mu. Sannan ya miƙo mini rasit ɗin, kafin hannuna ya kai ya sake shi ya faɗi a ƙasa, ya ce:

"In siminti ya fi ƙarfinka, ga kududdufi can bayan gari. Je ka kwaɓa ƙasa ka yi irin na ubanka. Ai na san gidanku."

Ubana. Mutumin da ya yi shekaru yana kabari, wanda bai taɓa cin sisin wani ba. Na ji duniya ta yi mini duhu. Ƙanena ya riƙe mini hannun riga yana cewa, "Yaya, don Allah, Yaya, mu tafi." Wani dattijo mai sayar da igiya a gefe ya ce, "Haba Alhaji, ba a haka." Alhajin ya riga ya mayar da waya kunne. Ni na sunkuya, da furfurata, a gaban yara, na tsinci takardar kuɗina daga cikin ɓawon gyaɗa.

Alhaji, da carbi a hannunka ka yi wannan magana. Ka je ka tambayi limamin da kake bi sallah sau biyar mene ne hukuncin cinikin da aka biya kuɗi gaba, aka faɗi adadi. Addini ya san shi, sunansa salam, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya same shi ana yi a Madina ya ce a yi shi da sanannen mudu da sanannen awo zuwa sanannen lokaci. Wanda ya karɓi kuɗi, kayan ya hau kansa, farashi ya tashi ko ya faɗi. Ayar farko ta Suratul Ma'ida cika alkawari take umarni da shi. Ko hatimin naka na ado ne?

Sharar Riyal kuma, bari in gaya maka yadda ake sharar. A ɗaki ɗaya muke kwana mu da yawa, gado a kan gado. Burodi da shayi da safe, burodi da wake da dare. Rana ta haura digiri 40 kana sauke katan-katan a bayan mota. Kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanka a ƙasar, ya daka maka tsawa a gaban ɗansa ƙarami ka ce na'am, domin igamarka, takardar izinin zamanka, a hannunsa take. A can kai baƙo ne baƙar fata, ka haɗiye. Abin da ke riƙe mutum shi ne tunanin akwai inda za ka koma a kira ka da sunanka. Sai ka dawo ka tarar a nan ma ba ka da suna, sai Na-Makka, saniyar tatsa wadda kowa ya zo wucewa zai kama nono ya ja.

Domin ba daga Alhajin siminti aka fara ba. Mai buga bulo da ya ji ginin ɗan waje ne, ya karɓi kuɗin mai kyau ya kawo wanda in ka murza da yatsa yashi ke zuba. Birkila ya ce da gani buhu ɗaya aka miƙe ya fitar da abin da ya kamata buhu biyu su fitar. Sai da aka rushe layi uku na kusurwar gabas. Mai tifa ya ninka kuɗin yashi ya ce mai ya tashi, ya kawo rabin mota ya rantse cikakkiya ce. Birkilan kansa ya karɓi kuɗin aiki, ruwan farko na sauka ya tafi shuka gero, wayarsa a kashe. Rodi sai da ƙanena ya je har Ƙofar Ruwa a Kano saboda wanda ake kawowa nan siriri ne ake sayarwa da sunan mai lamba 12, katako kuma sai Na'ibawa, kuɗin mota ya cinye rangwamen. Maƙwabcin fili ya matso da shingensa taku biyu cikin namu, sai da aka zauna gaban dagaci. A cikin dangi kuwa, duk wanda matarsa ta haihu ko 'yarsa za ta tare, kuɗin gini yake hange. Ka hana, a ce ka je Makka ka dawo da rowa. Ka bayar, a zo ana tambayarka wai har yanzu ginin nan bai ƙare ba?

Gidan ƙasar da ya yi mini gori da shi kuma, ni ba na jin kunyarsa. A ciki aka haife ni. Da zafi sanyi ne da shi, da hunturu ɗumi. Gidan Makama da ke Kano da ƙasa aka yi shi, ga shi nan tsaye ana zuwa kallo daga ƙasashen duniya. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19, da tubali da azara ya ɗaga bakan gizonsa. Da ina da maginin da ya san aikin, da azarar giginya mai kyau, da makuba ta shafe, da fili a kan tudu, wallahi da ban taka ƙofar shagon kowa ba. Amma maginan sun tsufa sun mutu, 'ya'yansu sun koma acaɓa saboda mun mayar da sana'ar abin dariya. Giginya an sare. Ruwa kuma yanzu ba ya zuwa da wasa: kacalla ta toshe hanyoyin kogi, in damina ta yi nauyi aka sako ruwan madatsun Tiga da Challawa, sai ya kwana a gindin bango har bangon ya jiƙe ya zauna. Dole ce ta kai talaka ga siminti, masu siminti kuma sun san dole ce.

Wa ya ba irin su Alhaji wannan ƙarfin hali? Gwamnatin da ta bar farashi ba linzami. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka tsaya a dandalin rantsuwa aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce dubu. A watan Yuni aka saki naira, dalar da hukuma ke bayarwa a kan 460 da 'yan kai ta wuce 1,500 a farkon 2024. Mutane suna cewa ai mu gaba ta kai mu, tunda Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 ba ya motsi. Ku zo ku riƙe lissafin gini ku gani. Kafin canjin ya iso hannun ƙanena, kwano da rodi da ƙusa sun riga shi tashi, kuma bakunan da kake ciyarwa a gida sun ƙaru saboda kowa ya durƙushe. Buhun simintin da ake saye wajen dubu biyar a 2023, a Fabrairun 2024 ya haura dubu goma. Ministan ayyuka David Umahi ya zauna da manyan kamfanonin siminti a Abuja, aka fito aka ce an daidaita tsakanin dubu bakwai da dubu takwas. Wa ya biyo maganar zuwa kasuwar ƙauye ya ga ko an bi? Dutsen da ake yin simintin nan a ƙasarmu yake, a Obajana, a Ashaka, a Sakkwato, a Gboko. Ba daga Sin ake jigilarsa ba. Me ya sa ɗan ƙasa zai yi shekaru yana tara kuɗin ɗaki uku?

An ce akwai asusun gidaje na ƙasa tun 1992, ana yankar kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ma'aikata. Ku nuna mini manomi ɗaya ko direba ɗaya a ƙauyukanmu da ya yi rufi da shi. Filin ƙauye ma da takardar dagaci muke riƙe da shi, wane banki ne zai dube ta? An ce akwai cibiyar binciken gine-gine ta tarayya tun 1978, har ta ƙera injin matse bulon jar ƙasa mai cin siminti kaɗan. Jigawa ƙananan hukumomi 27 gare ta, a sakatariyarmu ban taɓa ganin ko ɗaya ba, ga jar ƙasa har ta yi yawa, ga samari zaune a gindin bishiya. An ce akwai hukumar kare haƙƙin mai saye. Tana can birni cikin sanyin na'ura. Ni in na kai ƙara kotu, bizar komawata za ta ƙare kafin a kira shari'ar zama na biyu, kuma Alhaji ya san haka, shi ya sa ya saki takardar a ƙasa.

Duk shekara Bankin Duniya yana lissafa kusan dala biliyan 20 da 'yan Nijeriya mazauna waje ke turowa gida. Jami'ai su hau mumbari su yi ta yabonmu, har hukuma guda aka kafa da sunanmu. Kuɗin nan ba na likitocin Ingila da Amurka kaɗai ba ne, har da na direbobi da masu wanke-wanke da masu gadi a Jidda da Riyad, da masu leburanci a Libiya da Aljeriya. Da aka kawo maganar a bar mu mu jefa ƙuri'a daga inda muke, a watan Maris na 2022, Majalisar Tarayya ta yi watsi da ita. Kuɗinmu halal ne a karɓa, amma bakinmu ba a so a ji. To ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓarmu, wanda ya zo bayan ambaliya ya raba taliya da tabarma aka ɗauki hoto ya tafi, ya zo ya gaya wa Inna a ɗakin wa za ta yi damina ta bana.