Matasa, Ku San Hanyar Kasuwar Manoma

'Yan'uwana matasa, musamman mu na cikin birnin Kano, akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu gaya wa kanmu gaskiya a kanta. Mutum zai shiga babban kanti mai na'urar sanyi, ya ɗauki tumatirin gwangwani, ya biya abin da aka rubuta a jiki ko uffan bai ce ba. Amma ya tarar da dattijo ya kasa tumatir da attaruhun da ya noma da hannunsa, nan ne zai tuna ya iya ciniki. Ya yi ta tayi, dattijo na cewa albarka, har sai an sallama masa a faɗuwa, sannan kuma ya nemi gyara.

Abin nan fa a ƙofar gidanmu yake. Kura, Bunkure da Garun Malam suna noman rani da ruwan madatsar Tiga, kuma idan tumatir ya nuna, Kwanar Gafan a kan hanyar Zariya cika take maƙil da kwanduna. Daga nan manyan motoci ke lodi zuwa Legas. Kayan gwari na Yankaba, hatsi na Dawanau, Wudil na ci ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi. Da yawanmu mun fi sanin farashin sabuwar waya a kan farashin tiyar gero.

Ku duba halin da mai tumatir yake ciki. Ya sayi taki da tsada, ya sayi man injin ban-ruwa, wanda kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafi a 2023. Ga tsutsar nan da manoma ke kira Sharon, wadda ta cinye gonaki a 2016. Idan ya tsallake duk wannan, kayan kowa ya nuna lokaci guda, kasuwa ta cika, tumatir kuwa ba ya jiran gobe. Ba shi da ɗakin sanyi. Duk abin da aka taya da yamma dole ya karɓa, ko ya zubar. Wanda ya matsa masa a wannan lokacin, ya san Allah na gani. Manzon Allah (SAW) ya hana tare masu kawo kaya a hanya kafin su iso kasuwa su san farashi, ya kuma yi addu'ar rahama ga mai sauƙin hali a saye da sayarwa.

Ban ce dillali maƙiyi ba ne, shi ma la'adarsa yake nema. Sai dai duk hannun da kwando ya bi, kuɗi ya ƙaru a kanku, na manomi bai ƙaru ba.

To ku haɗu, gida huɗu ko biyar a unguwa, ku yi karo-karo, ku ɗauki a-daidaita-sahu ɗaya ranar kasuwa. Ku sayi kwando ku raba. Abin da ya yi yawa a yanka a shanya ya zama kauɗa, yadda iyayenmu mata suka saba, a ci da damina lokacin da ɗanye ke gagarar talaka. Masu yini a TikTok da Facebook kuma, ku nemi izinin mai kaya, ku ɗauki hoton kwandonsa, ku rubuta sunan kasuwar da ranar da take ci da farashin yau, ku tura wa masu gidan abinci da kuka sani.