Daren da na kwana ina korar ruwa guda

Ranar da na saka injin tsotse ruwa a ɗakinmu na ƙarƙashin ƙasa, sai da na kira uwargida ta zo ta ga aikin injiniya. Rami ne a kusurwar da ta fi gangare, inda ruwan da ke tsattsafowa ta ƙarƙashin gini yake taruwa. Injin na zaune a cikinsa da wata ƙwallon roba mai iyo a gefe. Ruwa na hawa ita ma ta hau, ta kunna injin, shi kuma ya tura ruwan sama ta bututu zuwa waje. Na juye bokiti biyu don gwaji, ya zuƙe su tas. Na dube ta ina jiran yabo.

"Malam, wannan da ya rage a kwali fa?"

Wani guntun bututu ne mai zanen kibiya a jiki. Na ce ai masu kamfani ne da son cika kwali da tarkace, na wurga shi cikin akwatin kayan aiki.

Ba a yi sati biyu ba aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wajen ƙarfe 2 na dare na ji injin ya tashi, ya ɗan yi gurnani ya mutu, sai wani "ƙululu" ya biyo baya, ya sake tashi. Haka ya kwana. Ni kuwa ina kwance ina sa masa albarka, har da taɓo uwargida: "Kin ji ko? Ko hutawa ba ya yi."

Da safe na gayyato dattijon maƙwabcinmu, tsohon mai gyaran famfo, don shi ma ya yaba. Ya leƙa ramin, ya bi bututun da ido har sama, tsayin kusan mita 3, sannan ya tambayi inda bawul yake. Ashe guntun nan shi ke barin ruwa ya hau, ya hana shi dawowa. Babu shi, injin na mutuwa duk ruwan cikin bututun zai zubo cikin rami, ya ɗaga ƙwallon, a sake sabon lale.

Muka fita waje. Bakin bututun taku ɗaya ne daga bango, ɗan ruwan da ya samu fita ma sai ya nutse a gindin gini ya koma inda ya fito.

"Ɗana, kai ba korar ruwa kake ba," in ji shi, "shan iska kake fitar da shi. Ƙara bututun nan ya yi nisa da gida, ya fuskanci gangare."

"To, Baba."

Yana fita na ɗauko bawul na ɗaura, kibiyar na kallon ƙasa, don a ganina ya fi kyau haka. Na zuba bokiti. Injin ya yi nishi, mahaɗin da ban ɗaure sosai ba ya ɓalle, ruwan rami ya wanke mini fuska har cikin hanci.

Uwargida na tsaye a matakala riƙe da tawul.

"Malam, a kira Baba, ko kibiyar ma tarkacen kamfani ce?"