Fuskar ta kamfani ce, muryar ta mai ita

Na karanta labarin nan naku kan masu watsa shiri kai tsaye da fuskar zanen katun, waɗanda ake kira VTuber. Wurin da kuka ce kamfani ne ke da haƙƙin mallakar surar da kayan da ake sayarwa da hotonta, to nan fa gizo ke saƙar.

A da ƙanwata ba ta barin shirin wata VTuber mai suna Gawr Gura, ta ƙungiyar Hololive, ya wuce ta, har 'yar tsanarta mai shuɗiyar riga ta ajiye a gefen gado. Da Gura ta yi bankwana a watan Mayun 2025, tana da mabiya sama da miliyan 4 a YouTube, suna da fuska da tashar duk suka zauna hannun kamfanin Cover na Japan, mai ƙungiyar Hololive. Wadda ta shafe fiye da shekara huɗu tana waƙa da raha, muryarta kawai ta fita da ita.

Ban ce kamfani bai yi komai ba, shi ya biya mai zane, shi ya yi talla. Amma mutane ba don zanen suke kwana a gaban waya ba. Lokacin da wani kamfanin VTuber mai suna Nijisanji ya sallami Selen Tatsuki a Fabrairun 2024, mai muryar ta koma tsohuwar surarta ta Dokibird, masoya suka bi ta rututu. Wata VTuber mai suna Ironmouse kuwa, tun da surar tata ce, da ta bar kamfanin VShojo a Yulin 2025 da abinta ta tafi.